Takardunmu na Suwidin za su tafi Kanada: wanne za a fassara, kuma hatimin wa ake karɓa?

Maman Hanifa, Örebro

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu bin wannan hanya. Kwana uku ke nan takardu na shimfiɗe a kan teburin cin abinci, yara ma a ƙasa suke zama su ci, ni kuwa in ɗauki wannan in ajiye, in ɗauki waccan in ajiye.

Maigidana ya samu gayyata daga hukumar shige da fice ta Kanada, IRCC, ta tsarin Express Entry na ba ma'aikata izinin zama na dindindin. Kwana 60 suke bayarwa a tura komai, kuma 11 sun riga sun tafi. Ni na zo Suwidin a 2012, shi ya zo karatu a 2015, don haka kusan duk abin da ya same mu tun da muka mallaki hankalinmu da yaren Suwidin yake rubuce. Akwai personbevis namu mu huɗu, wato takardar shaidar rajistar jama'a, da takardar aurenmu, da hukuncin kotun tingsrätt da ya raba aurena na farko a 2016, da digirin maigida, da shaidar aiki daga wurare uku, da takardun albashinsa na wata-wata, da takarduna na Komvux, makarantar manya, na aikin undersköterska, wato mataimakiyar nas, da bayanan banki. Takardar 'yan sanda ma ba mu kai ga nema ba. Na ƙirga abin da ke hannu, shafi 63.

Na tura wa wani kamfani da na gani a intanet. Sun amsa cikin awa guda, suka ce za su yi mini fassara mai tabbaci, amma kuɗin da suka yanka ya haura albashina na wata. Na tambaye su wa zai sa hannu, suka ce hatimin kamfani ne za a buga. A wurin aiki wata ta ce mini hatimin kamfani ba komai ba ne, sai na je wurin notarius publicus, mai shaida takardu a hukumance. Wata kuma ta ce in babu hatimin afostil duk aikin banza ne. Kaina ya ɗaure.

Abin da nake son sani: dole ne duk shafi 63 ɗin a fassara? Wane ne ke da ikon buga hatimin da za a yarda da shi? Kuma shi afostil ɗin, kafin fassara ake yinsa ko bayanta? Ba kuɗin ne kaɗai ke damuna ba. Tsorona mu biya, mu tura, a dawo mana da shi bayan kwana 60 sun cika. Shekara biyu bawan Allahn nan yana jarrabawar Turanci yana jiran wannan gayyata.

Baban Sadiq, Göteborg

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa alheri ne, ya sa a tafi a sa'a. Ki kwantar da hankalinki, kwana 49 sun isa in kin fara gobe. Ɗana ya bi wannan hanyar shekara biyu da suka wuce, kuma ni na zauna masa a kan takardun, don haka abin da na gani da idona zan faɗa miki.

Kada ki biya kamfanin nan tukuna. Kafin ki tambayi wa zai fassara, ki fara tambayar wace takarda ce ma ba ta buƙatar fassara. Hukumomin ƙasar nan da yawa suna bayar da takardunsu da Turanci kai tsaye, kuma takardar da ta fito daga hannun mai ita da Turanci ta fi kowace fassara ƙarfi, don babu wani mutum na uku a tsakani.

Ki fara da Skatteverket, hukumar haraji. Suwidin ba ta da takardar haihuwa irin wadda muka saba da ita. Rajistar jama'a a hannun coci take har zuwa 1 ga Yuli 1991, sannan aka mayar da ita hannun Skatteverket, kuma tun daga nan personbevis ne ke tsayawa a matsayin shaidar haihuwa da ta aure da ta wanda ya haifi wa. Ki shiga shafinsu da BankID, shaidarki ta intanet, ki zaɓi wanda ake kira utdrag om folkbokföringsuppgifter, da Turanci, mai nuna dukkan dangantaka. Kada ki buga shi da kanki a gida. Ki nemi wanda za su buga wa hatimi su sa hannu su aiko miki ta gidan waya. Na mutum huɗu sun fita daga lissafinki ke nan.

Sai 'yan sanda, kuma wannan gobe da safe za ku nema, don shi ne ba a hannunku lokacinsa yake ba. Takardar tasu, utdrag ur belastningsregistret, iri-iri ce. Akwai wanda kika saba nema don aiki da yara ko makamancinsa, wannan ba shi ba ne. Wanda kuke so shi ne na utlandsändamål, wato wanda aka tanada don kai wa wata ƙasa, kuma shi da Turanci a jikinsa yake zuwa. Ke da maigida kowa nasa. Kanada tana son na ƙasar da kuke zaune ya zama bai wuce wata shida da fitowa ba a ranar da kuka tura, kuma tana son na duk wata ƙasar da mutum ya zauna wata shida a jere cikin shekara goma da suka wuce, bayan ya kai 18. Ku zauna ku ƙirga shekarun maigida da kyau.

Digirinsa ki buɗe ki duba, za ki tarar da yare biyu ne a jikinsa, haka jami'o'in nan suke bayarwa, har da ƙarin bayanin da ake haɗawa da shi da Turanci. Sakamakon darussa kuma zai iya ciro shi daga Ladok, rumbun sakamakon jami'o'in nan, da Turanci.

Shaidar aiki ita ce inda mutane suke zubar da kuɗi a banza. Tjänstgöringsintyg na nan yawanci layi uku ne: wane ya yi aiki a nan daga rana kaza zuwa rana kaza a matsayin kaza. Ko mafi gwanintar masu fassara ne ya fassara shi, layi ukun nan ne dai. Kanada kuwa tana son wasiƙa a kan takardar kamfani mai nuna muƙami, da ayyukan da mutum yake yi, da awa nawa a mako, da albashi, da ranakun farawa da gamawa. To maigida ya rubuta wa wuraren ukun ya roƙe su su rubuta masa sabuwa da Turanci. A ƙasar nan ba abin mamaki ba ne, suna yi. Banki ma haka, wasiƙa za ku nema da Turanci. Takardun albashi kuwa ƙarin hujja ne kawai, in za ku sa, ku zaɓi 'yan kaɗan.

In kin cire duk waɗannan, abin da zai rage miki bai fi hukuncin kotun nan ba, da takardar aure in da yaren nan kaɗai take, da takardunki na Komvux in har kun sa karatunki cikin lissafin makin Express Entry. Waɗannan su ne za ki kai wa mai fassara, kuma a nan kada ki yi tsumulmula.

Mai fassarar da kike nema sunansa auktoriserad translator, wato mai fassara mai izinin hukuma. Kammarkollegiet ke ba da wannan izini, hukumar da ta fi kowace hukuma daɗewa a ƙasar nan, tun 1539. Mutum yana zana jarrabawa a kan rubutun yau da kullum da na shari'a da na tattalin arziki, in ya ci a ba shi lamba da hatimi, kuma duk shekara biyar sai an sabunta. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne izinin na mutum ne, ba na kamfani ba. Babu kamfanin da Kammarkollegiet ta ba wannan izini. Kamfani zai iya ɗaukar aikinki ya miƙa wa mai izini, wannan babu laifi, amma sunan mutumin da lambarsa ne za su fito a jikin takardar. Shi ya sa amsar da suka ba ki ba ta gamsar da ni ba. Ki shiga shafin Kammarkollegiet, akwai rajistar masu izini, kowa na iya dubawa. Ki lura da alkibla ma: wani izininsa daga Turanci zuwa yaren Suwidin ne, ke kuwa akasin haka kike nema. Ki rubuta wa mutum uku kai tsaye, ki faɗa musu ranar da kike so, ki ji farashinsu.

Ɗan Autan Malmö

Anti, ni dai a ganina duk wannan wahala ce. Yanzu manhajar fassara ta ƙware, ki ɗauki hoton takardar ta juya miki cikin minti ɗaya. Maigidanki ya iya yarukan biyu, ya duba ya gyara ya sa hannu. Abokina da ya koma Amurka bara wani abokinmu ne ya fassara masa, ya rubuta a ƙasa cewa fassarar daidai ce, kuma an karɓa. Ko krona ɗaya bai biya ba.

Malama Tafinta, Uppsala

Ɗan Auta, abin da ka faɗa game da abokinka gaskiya ne, amma kada Maman Hanifa ta ɗauke shi. Dokar Amurka ta ce a kawo cikakkiyar fassara da Turanci, mai fassarar ya rubuta cewa ta cika kuma daidai ce, kuma shi ya iya yarukan biyu. Ba ta ce sai mai lasisi ba. Ingila ma kusan haka take, sai dai tana son suna da sa hannu da kwanan wata da yadda za a samu mai fassarar. Kanada daban ce. Ba ta yarda mai neman ya fassara da kansa, ba ta yarda miji ko mata ko iyaye ko 'yan uwa su fassara, ko da kuwa sana'arsu ce. Tana son mai fassara mai shaidar ƙwarewa wanda hatiminsa ke ɗauke da lamba, in kuwa ba irinsa ba ne sai ya haɗa da takardar rantsuwa da ya yi a gaban mai ikon rantsarwa. Kowace ƙasa da ƙa'idarta, shi ya sa labarin wanda ya tafi wata ƙasa ba ya zama hujja.

Ni tafinta ce, ta baki nake fassarawa a asibiti da ofisoshi, ba ni da izinin fassarar takardu. Izini biyu ne daban ko da yake hukuma ɗaya ke bayarwa, kuma ina faɗa ne don mutanenmu sukan kawo mini takarda su ce in buga hatimi, in ce ba ni da shi, su ɗauka rowa nake yi.

A kan afostil, Maman Hanifa, abokan aikinki sun haɗa abu uku wuri guda. Mai fassara yana shaida cewa abin da ke cikin wannan takarda shi ne ke cikin waccan. Notarius publicus, wanda yawanci lauya ne da Länsstyrelsen, hukumar lardi, ta naɗa, yana shaida sa hannu ko ya tabbatar da cewa kwafi ya yi daidai da asali. Afostil kuma hatimi ne da ke gaya wa wata ƙasa cewa sa hannun da ke jikin takardar na gaske ne, kuma mai shi yana da matsayin da ya ce yana da shi. Bai ce komai a kan abin da takardar ta ƙunsa ba. Ya samo asali daga yarjejeniyar Heg ta 1961, Suwidin ta shiga a 1999, kuma tun 2005 notarius publicus ne kaɗai ke buga shi a ƙasar nan. Kanada ta shiga a Janairun 2024, daga nan ne maganarsa ta yawaita a bakin masu tafiya can. Amma shigar ƙasa yarjejeniya ba ya nufin kowane ofishi a cikinta yana neman hatimin. Ki buɗe jerin takardun da ke cikin asusun maigida, ki karanta abin da aka rubuta a gefen kowace. Abin da ba su nema ba kada ki saya.

In wata rana wani ofishi ya nema, jami'a ce ko hukumar ba da lasisin aiki, to a tambaye su a kan asali suke so ko a kan fassara ko duka biyu. In a kan asali ne, a fara buga shi sannan a kai fassara, don mai fassara ya haɗa da shi. Sa hannun auktoriserad translator ma ana iya buga masa afostil. Ga masu kai takardun nan Nijeriya ko Nijar kuwa, ƙasashen biyu ba sa cikin yarjejeniyar, hanyarsu ta ma'aikatar harkokin waje ce, UD, sannan ofishin jakadanci.

Hajiya Uwar Biyu, Västerås

Sannu Maman Hanifa, Allah ya kawo sauƙi. Ni tawa ta shigowa ce ba ta fita ba, amma ciwon ɗaya ne. Takarduna na gida da Faransanci suke. Migrationsverket, hukumar shige da fice ta nan, tana karɓar yaren Suwidin ko Turanci, abin da ba su ba sai an fassara, a tura kwafin asali tare da fassarar. To lokacin da maigidana yake neman kawo ni, ya ba wani kamfani takardar haihuwata da ta aurenmu don ya ga sun fi araha. Araha ba ta ado, 'yar uwa.

Sunan mahaifina a takardar haihuwata an rubuta shi da rubutun Faransanci, haka kuma yake a fasfona. Wanda ya fassara ya ga kamar kuskure ne, sai ya gyara mini shi zuwa yadda aka fi rubutawa da Turanci. Harafi uku ya canza. Shi a ganinsa taimako ya yi. Sai ga takarda ta ce ni 'yar wane ce, fasfo ya ce 'yar wani ce daban. Aka aiko mana da tambaya, muka sake fassara a wurin mai izini, muka rubuta bayani, muka koma layi. Wata huɗu na ƙara ina zaune a ɗakin uwata da ciki, kullum ina duba waya. Tagwayena ba a gaban ubansu aka haife su ba.

Don haka in kin samu mai fassara, ki tura masa hoton shafin fasfo na kowa da sunansa ya fito a takardar, har na tsohon mijinki in kina da shi. Kuma in ya gama ya turo miki ki duba kafin ya buga hatimi. Ki zauna da biro ki bi kowane suna harafi-harafi, kowace lamba, kowane kwanan wata. Nan ƙasar shekara suke farawa da ita, sai wata, sai rana, ki roƙe shi ya rubuta watan da haruffa don kada wani can ya karanta huɗu ga Maris a matsayin uku ga Afrilu. In kuskuren a jikin asali yake, mai fassarar kirki ba zai taɓa shi ba, zai bar shi yadda yake ya sa ɗan bayani a ƙasa. Gyara aikin wanda ya ba da takardar ne.

Maman Hanifa, Örebro

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Yaya Baban Sadiq, yau da safe mun tura neman takardar 'yan sanda, personbevis ma na nema. Hajiya, labarinki ya sa ni hawaye, Allah ya raya tagwaye.

Akwai abu biyu da ban faɗa ba don nauyin faɗarsu nake ji, amma matambayi ba ya ɓata. Na farko, an ɗaura mana aure a masallaci a 2018, a gaban waliyyina ta waya da shaidu, aka ba mu takarda. Sai daga baya muka gane Skatteverket ba ta san da shi ba, muka je muka yi na hukuma a 2020. A wurina da wurin Allah aurena na 2018 ne. Amma a kwangilar gidanmu da takardun Försäkringskassan, hukumar inshorar jama'a, na tsakanin shekarun nan biyu, sambo aka rubuta. Zan iya roƙon mai fassara ya rubuta mata da miji a wurin? Kalmar nan tana ci mini rai.

Na biyu, Hanifa 'yar mijina na farko ce. A wurina take tun rabuwarmu, ubanta yana Stockholm, yana ganinta lokacin hutu, muna mutunci. Hukuncin kotu shafi shida ne, kuma akwai maganganun da ba na son baƙo ya karanta. Zai yiwu a fassara shafin farko kawai inda aka ce aure ya rabu?

Malama Tafinta, Uppsala

'Yar uwa, babu abin kunya a nan, kuma gara da kika faɗa, don waɗannan biyun sun fi duk sauran takardun nauyi.

Na san yadda kalmar take a kunnenmu. Ranar da na fara jinta na ɗauka sunan mutum ake kira, don mu Sambo suna ne. A nan kuwa tana nufin mutum biyu da ke zaune gida ɗaya a matsayin ma'aurata ba tare da auren da hukuma ta rubuta ba, har doka gare ta, ta 2003. Kada ki roƙi mai fassara ya canza ta. Ba zai yarda ba, in ma ya yarda ya cuce ki, don personbevis zai nuna 2020, fassara ta nuna wani abu daban, kuma babu abin da mai duba takardun shige da fice yake tsayawa a kai kamar takardu biyu da suka saɓa wa juna. A dokar nan aure yana zama na hukuma ne in an yi hindersprövning a Skatteverket, wato binciken cewa babu abin da ya hana, sannan wanda ya ɗaura yana da izinin ɗaurawa. Limamai da yawa suna da shi, wasu ba su da shi, kuma Kammarkollegiet ɗin nan dai ita ke bayarwa. Fassara ba ta iya ba takardar masallaci ƙarfin da ba ta da shi a doka. Wannan bai taɓa aurenki a addini ba ko kaɗan.

Abin da za ku yi shi ne ku rubuta 2020 a inda aka tambayi ranar aure, sannan ku haɗa gajeriyar wasiƙar bayani da bakinku: an ɗaura na addini a 2018, mun tare tun lokacin, an yi na hukuma a 2020. Gaskiya ce, kuma takardunku duka suna mara mata baya. Takardun da ke cewa sambo ma shaida ne a gare ku cewa kuna tare tun lokacin.

Hukuncin kotu kuwa a fassara shi duka, har hatimi da rubutun hannu da ke gefe. Fassarar da aka yanke tana sa mai karatu ya tambayi me aka ɓoye. Game da sirri, auktoriserad translator yana ƙarƙashin dokar riƙe sirri, kamar yadda muke mu tafintoci. Wannan ma wani dalili ne da ba zan so ki loda hukuncin nan a manhajar da ba ki san inda take ajiye shi ba.

Kafin ki tura, duba ko akwai hatimin da ke cewa hukuncin ya samu laga kraft, wato ya zama na ƙarshe. A nan aure ba ya rabuwa ranar da alƙali ya yanke hukunci, sai wa'adin ɗaukaka ƙara na mako uku ya wuce. Kwafin da aka aiko miki a 2016 mai yiwuwa ya riga wannan rana fitowa. Ki kira kotun da lambar shari'ar, ki nemi kwafi mai lagakraftbevis, shi za a fassara. In ba haka ba kin biya kuɗi a kan takardar da ba ta nuna an gama ba.

Sai Hanifa, kuma a nan nake so ki nutsu. Dokar nan ta raba abu uku: vårdnad, wato wa ke da ikon yanke shawara a kan yarinya, da boende, wato a wurin wa take zaune, da umgänge, wato ganin ɗayan iyayen. Kasancewarta a wurinki boende ne. Bayan rabuwar aure vårdnad yana ci gaba da zama na iyaye biyu sai in kotu ta ce ba haka ba, ko an yi yarjejeniyar da socialnämnden, kwamitin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ta amince da ita. Personbevis ɗinta zai nuna miki su wane ne vårdnadshavare, wato masu vårdnad. In ku biyu ne, ba ki da ikon ƙaura da ita wata ƙasa sai da yardarsa. Kanada ma tana da fam na musamman, IMM 5604, wanda iyayen da ba za su bi yaro ba suke sa wa hannu a gaban notarius publicus, a haɗa da kwafin katin shaidarsu. A nan ne za ki buƙaci notarius ɗin da aka faɗa miki.

Ɗan Auta, ka ga inda nake jin tsoron manhaja. Kalmomin nan uku in aka cakuɗa su, takarda za ta faɗi abin da kotu ba ta faɗa ba a kan 'yar mutane.

Baban Sadiq, Göteborg

Malama ta gama magana. Abu ɗaya zan ƙara, ƙanwata: kada uban yarinyar nan ya fara jin labarin tafiyar daga bakin fam. Ki kira shi, ko ki sa babba ya kira shi, a zauna a yi maganar hutu da kuɗin jirgi da kiran waya kafin a kai ga sa hannu. Haƙƙinsa ne, kuma ita ma Hanifa shekararta 12, tana da bakin magana.

Maman Hanifa, Örebro

Salam. Na dawo in ba ku labari, yau kwana 34 da gayyata.

Personbevis huɗu sun iso da hatimi, takardun 'yan sanda ma sun iso. Wurare biyu sun ba maigida wasiƙar Turanci, na ukun kamfanin ya canza hannu, tsohon shugabansa ne ya yi alkawarin rubutawa a wannan makon. Malama, kin yi gaskiya, kwafina babu hatimin laga kraft, na nema an aiko mini da sabo. Na samu wata mai izini a rajistar Kammarkollegiet, daga yaren Suwidin zuwa Turanci, na duba lambarta ta yi daidai da wadda ke jikin hatiminta. Shafi 11 na ba ta cikin 63 ɗin nan. Da ta turo mini in duba na bi shi da biro kamar yadda Hajiya ta ce, kuma ita da kanta ta nuna mini cewa sunana na tsakiya a hukuncin kotu ya rasa harafi ɗaya idan aka gwada da fasfo. Ta bar shi yadda yake ta sa bayani, mu kuma mun ƙara layi ɗaya a wasiƙarmu.

Vårdnad namu ne mu biyu. Kawuna ya kira uban Hanifa, sannan ni ma na kira shi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce yana so ya ji daga bakinta su biyu kawai. Ranar Asabar zan saka ta a jirgin ƙasa na safe zuwa Stockholm. Na kama mana lokaci a wurin notarius publicus ranar Alhamis ta sama, in ya amince. Ku taya mu da addu'a.